Mu haɗa kuɗi mu ɗauki likita ga layin gareji, ko ɓarna ce?

Sakataren Layi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta taso a zaman ƙungiya, ba a ƙarƙare ta ba magariba ta kawo kai, shugaba ya ce in kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Shawarar ita ce mu shagunan layin nan, kanikawa da masu walda da masu fenti da masu batir da 'yan fanel bita, mu riƙa ware wani abu daga kuɗin ƙungiya mu ɗauki likita guda. Ba wanda zai zauna da mu kullum ba, wanda zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata ya zaga shaguna, ya duba yara da iyayen gidansu. Wasu manyan kamfanoni a Sharaɗa da Bompai suna da ɗakin shan magani a cikin harabarsu. Mu da kowa ke da yara biyar ko shida ba mu da wannan ƙarfin ɗaiɗai. Na saka Dakta cikin zauren nan da izinin shugaba, fanninsa ke nan, lafiyar ma'aikata. Bismillah.

Oga Fenti:
Wa'alaikumus salam. Sakatare, ni tun a wurin zama na faɗi nawa. Kemis yana bakin layi, asibiti ba nisa. Yaro ya yanke a kai shi a ɗinke, zazzaɓi ya kama shi a saya masa magani. To likitan wata-wata me zai zo ya yi? Ya zo ya tarar kowa lafiya lau ya karɓi kuɗinsa ya tafi? Ni yarana duk ranar da aka yi feshi sai na saya musu madarar gwangwani, haka ogana ya yi mana, ga mu nan da ranmu.

Mai Walda:
Maganar Oga Fenti tana kan hanya. Kuɗin wuta ma ya ishe mu, balle dizal.

Dakta:
Salamu alaikum iyayen gida. Na gode da gayyata. Oga Fenti, tambayarka ita ce ainihin tambayar, don haka bari in fara da ita.

Likitan asibiti yana jiran mutum ya zo masa da ciwo. Irin aikinmu kuwa mu ne muke zuwa wurin da ake samo ciwon. Mai feshin fenti zai je asibiti ya ce ƙirjinsa na toshewa da dare, yana tari. A ba shi maganin tari, ko a ce sanyi ne, ko a aike shi awon tarin fuka a ga babu. Ya sha magani ya koma shago, bayan mako biyu ya dawo. Ba laifin likitan ba ne, layi ya kai ƙofa, minti nawa zai yi da kowa? Amma akwai tambaya ɗaya da ba a yi masa ba: in ka tafi gida hutun Sallah, ko aiki ya yanke kwana huɗu biyar, ƙirjin yana sakinka? In ya ce eh, kuma da ya dawo ya yi feshi abin ya dawo, to an kusa gano bakin zaren. Fentin mota irin mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa sinadarin da ke sa shi ya bushe da ƙarfi, akwai wani sinadari mai suna isosayanet a cikinsa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki a duniya. Muguntarsa ita ce, da zarar jiki ya ƙi shi, ko ɗan kaɗan mutum ya shaƙa sai ƙirji ya kulle. Kuma sau da yawa ba nan take yake tashi ba, sai dare ya yi mutum yana kwance a gida, shi ya sa ba ya alaƙanta shi da aiki.

Madara kuwa abinci ce mai kyau, Allah ya saka maka da alheri da kake saya musu. Amma ciki take tafiya, fenti kuma huhu yake shiga. Ba sa haɗuwa a hanya.

Oga Fenti:
To ai suna ɗaura takunkumi, Dakta.

Dakta:
Wane iri? In na ƙyalle ne ko irin shuɗin nan na lokacin korona, ko hankici, ƙura mai kauri kawai yake tarewa. Tururin fenti wucewa yake yi. Wanda aka yarda da shi ga wannan fentin shi ne mai tiyo da ke kawo iska mai tsabta daga waje. Yana da tsada, na sani. Kafin a kai ga sayensa akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai: a ware wurin feshi daga inda sauran yara suke, a lura da inda iska ke kaɗawa, kada mai feshi ya ɗaga takunkumi don ya duba ƙyallin fenti alhali hazon bai gama bajewa ba, kada a ci abinci a wurin, kada a wanke hannu da tina. Waɗannan ba zan iya faɗarsu daidai daga ofis ba sai na tsaya a shagon na ga yadda ake yi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, shi ake kira uban wannan fanni, a 1700 ya rubuta kan cututtukan masu sana'a. Abin da ya fara jan hankalinsa wani mai yasar masai ne da ya zo aiki gidansa, yana ta sauri, ya tambaye shi dalili ya ce idonsa ne ba ya jure daɗewa a ramin. Daga nan ya bi maƙera da majema da masu tukwane da masu burodi har wuraren aikinsu, ya kuma ce duk likitan da zai duba talaka ya ƙara tambaya ɗaya: mece ce sana'arka? Ku lura, ba manyan masana'antu ya fara da su ba, irinku ne.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki 'yan'uwa. Ni ba ɗan layin ba ne, ƙanena ne ke koyon kanikanci wurinku shi ya saka ni. Ina aikin burodi a Liyon, a Faransa, mu bakwai ne har da mai gidan. Abin da Sakatare ya kawo shi ne daidai yadda ake yi a nan, sai dai doka ce ta tilasta, tun 1946. Ko mutum ɗaya ka ɗauka aiki dole ka sa shi ƙarƙashin lokotoron aiki, wato likitan ma'aikata. Ƙananan wurare ba su iya ɗaukar nasu, sai su shiga wata cibiya ta haɗin gwiwa, mai gida yana biyan kuɗi kan kowane ma'aikaci a shekara, ba a cire ko sisi daga albashinmu. Lokotoro guda sai ya riƙe gidajen burodi da garejoji da shagunan aski masu yawa.

In an ɗauke ka aiki, cikin wata 3 za a kira ka ziyarar farko. Bayan nan ba a wuce shekara 5 ba a sake ganinka ba, masu aiki mai haɗari kuwa, kamar masu taɓa dalma, sun fi kusa-kusa. Abin da ya ba ni mamaki da farko, ba ya rubuta maka magani. Na je ina atishawa ina hawaye saboda ƙurar fulawa, na zaci zan fito da takardar magani. Sai matar ta sa na hura wani bututu, ta yi ta tambayata yadda muke juye buhu, da me muke share ƙasa. Daga baya ta zo gidan burodin da kanta da asuba muna kwaɓi. Ta ce a daina zazzage buhu daga sama, a fara juya injin kwaɓi a hankali har ruwa ya kama fulawar, a bar shara da tsintsiya a koma injin zuƙe ƙura. Magani kuwa ta tura ni wurin lokotorona na unguwa.

Kada ku zaci aljanna ce. Lokotorin aikin sun yi ƙaranci a nan ma, yawancin ziyarar yanzu nas ce ke yi.

Mai Walda:
Ɗan Maraɗi, can Faransa ke nan, inda doka ke aiki. A Nijar ɗin taku fa?

Ɗan Maraɗi:
A takarda muna da ita, yayana. Dokar aiki ta 2012 ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya tanadar musu hidimar lafiya, kuma CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ke biyan diyyar haɗarin aiki. Amma je ka garejojin Maraɗi ko Damagaram ka tambayi yaro ko an taɓa rubuta sunansa. Mu da ku duk ɗaya ne a nan.

Lauyan Unguwa:
Tunda an taɓo doka. A Nijeriya akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke riƙe da ita. Mai aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, in ma'aikaci ya ji rauni ko ya kamu da cutar da aiki ya jawo, asusun ya biya magani da diyya. Abin da yawancinku ba ku sani ba, ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da ɗan koyo. Wato yaran da kuke cewa "ai ba ma'aikata ba ne, koyo suke" doka tana ganinsu.

Inda gizo ke saƙar: yatsa in ya guntule kowa ya gani, ba a musu. Amma asma ko kurumta ko ciwon ƙoda, wa zai tabbatar aiki ne ya jawo? Sai likitan da ya san wurin aikin, ya kuma auna mutum tun yana lafiya ya ajiye. Ba wannan rubutun, ba hujja. Ni a nan nake ganin amfanin shawarar Sakatare.

Oga Fenti:
Barista, kashi 1 na wane albashi? Yaro kuɗin abinci nake ba shi da na mota, in aiki ya yi kyau in ƙara masa. Ka zo ka lissafa mana.

Lauyan Unguwa:
Gaskiyarka, an ɗinka dokar ne a jikin kamfani. Ban ce ta zauna muku daidai ba, na ce akwai ta.

Hajiya Mai Injin:
Salamu alaikum. Ni ba gareji gare ni ba, injinan niƙa da na markaɗe ne a ƙarshen layi, amma ina biyan kuɗin ƙungiya kamar kowa, don haka zan yi magana. Babban yarona da ya fi daɗewa a kan injin, yanzu sai ka kira shi sau uku. Matarsa ta kawo min ƙara wai ya raina ta ba ya amsa mata. Rediyo kuwa sai ya ƙure murya. Na ce ya riƙa cusa auduga. Dakta, wannan yana cikin aikinka ko sai masu fenti?

Dakta:
Yana ciki ƙwarai, Hajiya. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma iyakar da aka fi amfani da ita ita ce desibel 85 na tsawon awa 8. Duk ƙarin desibel 3, lokacin da kunne zai jure yana raguwa da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, haka har ƙasa. Ba sai kina da na'ura ba. In mutum yana tsaye kusa da ke, tazarar hannu, amma sai kin ɗaga murya sosai kafin ya ji, ƙarar wurin ta kai ta yi ɓarna. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa kuka bayan an tashi aiki, sai kuma mutum ya ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomin, musamman cikin hayaniya. Ki ba matarsa haƙuri, wataƙila ba raini ba ne.

Abin baƙin cikin, jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Abin da ya rage ake karewa. Auduga ba ta tare abin kirki, akwai toshen kunne na soso mai araha da aka yi don wannan. A kuma duba injin kansa: bel da ya saki, ƙusoshin da suka kwance, janareto da aka ajiye cikin ɗaki maimakon waje, da kwanon rufi da ke mayar da ƙara. Sannan a riƙa juya yara, kada mutum ɗaya ya wuni a bakin injin. Ki kai shi a auna masa ji a sashen kunne, a ajiye takardar.

Yaron Shago:
Iyayen gida ku yi haƙuri in sa baki, ni yaro ne. Da wata lambar nake rubutu. Tsoronmu mu yara shi ne, in likita ya auna ya ce ƙirjina bai dace da fenti ba, oga zai ce in koma gida. Shekaruna a wannan sana'ar sun tafi ke nan, ban iya wata ba. Shi ya sa ko muna jin abu ba ma faɗa. In likitan nan na oga ne, wallahi ba wanda zai gaya masa gaskiya.

Mai Walda:
To ai dole oga ya san sakamako. Ni zan biya kuɗi, a auna yarona, sannan a ɓoye min? Iyayensa amana suka ba ni.

Dakta:
Oga Mai Walda, a nan za mu saɓa, kuma gara mu saɓa yanzu kafin a fara. Abin da yaro ya gaya min da abin da awo ya nuna, tsakanina da shi ne. Abin da zan gaya maka shi ne abin da ya shafi aiki: wannan zai iya ci gaba, wannan a ɗauke shi daga feshi a mayar da shi goge jiki ko fanel bita a can nesa, wannan kada ya hau sama. Sunan ciwo ba naka ba ne sai in shi ya yarda. In yaro ƙarami ne, iyayensa zan nema. Ranar da aka ji na kai wa oga labarin wani, daga ranar duk wanda na tambaya zai ce lafiya ƙalau, ku kuma kuna biyan kuɗin banza, maganar Oga Fenti ta tabbata.

Kai kuma ƙanena, tsoronka yana da tushe, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai wanda zan ce masa ya bar feshi gaba ɗaya, domin in ya ci gaba asmar za ta zauna masa har bayan ya bar aikin, alhali in an cire shi da wuri akwai fatan ta lafa. Amma barin feshi ba barin gareji ba ne. Wannan kuma ba ni zan iya lamunce maka ba, ƙungiya ce.

Ɗan Maraɗi:
A nan ma in lokotoro ya ce ba ka dace da aikin ba, ana iya sallamarka. Sai dai dole mai gida ya fara nema maka wani gurbi, in babu kuma aikin ne ya jawo ciwon, kuɗin sallamar ninki biyu ne. Duk da haka na san masu ɓoye ciwo saboda tsoro. Yaron nan gaskiya ya faɗa.

Sakataren Layi:
Na rubuta wannan. In za a yi, sai an sa a dokar ƙungiya cewa yaron da likita ya ɗauke daga wani aiki, ko ogansa ya canza masa, ko ƙungiya ta nema masa shago a layi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗan Anka:
Ni abin da ya sa na goyi baya, daga Zamfara nake. A 2010 yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyayen ba kamfani suke wa aiki ba, masu neman na kansu ne, suna kawo dutsen zinariya mai dalma a cikinsa gida ana daka ana niƙawa a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. Yara suna ta suma da jijjiga ana cewa zazzaɓi ne ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura aka aika jini awo. Na'urar da aka zo da ita iyakarta 65 a ma'aunin dalma a jini, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja. Da akwai mai zagawa yana duba yadda ake aikin, da tun farko ya ce a fitar da niƙan daga gida, a jiƙa dutsen, a bar kayan aiki a wurin aiki. Masu batir na layin nan, ku ma dalma kuke narkarwa.

Baba Mai Batir:
Ɗan Anka, na ji ka. Ni na tsufa a kan batir, ciwon ciki da taurin bayan gida kuwa na ɗauka basir ne, sassaƙe nake sha. Kaina bai dame ni ba. Amma jikokina suna zuwa shago bayan makaranta, ƙaramin har kan buhun da nake zama yake barci. Kayan aikina kuma tare ake wanke su da na gida.

Dakta:
Baba, daga gobe jikoki su daina zuwa shago, wannan ba sai an jira ƙuri'ar ƙungiya ba. Rigar aiki da takalmi su kwana a shago, a wanke su daban. Ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin goro ko abinci. Narka dalma a fili, ka tsaya inda iska ke kaɗa hayaƙin nesa da kai. Shara kuma a yayyafa ruwa tukuna. Sannan kai da yaranka da jikokin a auna muku dalma a jini, ba kowane ɗakin awo ke yi ba, zan turo wa Sakatare inda za a je. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a ma'aunin a fara neman inda gubar ke shigowa, kuma ga yara babu adadin da za a ce ba komai. Kai ma a duba hawan jini da ƙoda. Ban ce dalma ce ke damun cikinka ba, amma alamunta ne, kuma awo ne kaɗai zai raba gardama.

Mai Walda:
To Dakta, tunda kowa ya samu nasa. Idon walda fa? Daren da ya kama mutum kamar an zuba masa yashi. Mu madara muke ɗigawa, wasu ruwan sikari.

Dakta:
Hasken waldan ne ke ƙona saman ƙwayar idon, kuma sai bayan awa 6 zuwa 12 yake tashi. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake warkewa da kansa, sai a ce madara ce ta yi aiki. Kada a ɗiga komai, a sa tsumma mai sanyi a kan ido a rufe, a sha maganin ciwo, in ya wuce kwana biyu ko ana zargin ɓarɓashin ƙarfe ya shiga a tafi asibitin ido. Baƙin gilashin gayu da ake saya a kasuwa ba na walda ba ne. Gilashin garkuwa yana da lamba a jikinsa, ga waldar lantarki daga 10 zuwa sama. Kuma wanda ya fi kamuwa ba mai walda ba ne, yaron da ke riƙe masa ƙarfe ne ba komai a fuskarsa.

Sakataren Layi:
Dakta, in za ka zo ka gani kafin mu yanke, me kake buƙata?

Dakta:
Ranar aiki sosai, ba ranar da layi ya yi shiru ba. Kada a share, kada a ɓoye komai, kada a saya wa yara sabon takunkumi don ni. Da ɗan ɗaki mai ƙofa inda zan ga yara ɗaya bayan ɗaya ba oga a tsaye. Zagayen farko ba sai an biya ni ba. Kuma in an fara, ba lallai ne kowane wata sai likita ba, ma'aikacin jinya da aka horar zai iya yawancin zagayen, ya fi muku sauƙin kuɗi.

Hajiya Mai Injin:
Ɗakin ajiyar buhunana yana da ƙofa da sakata. Amma a fara ta kaina, kullum mu na ƙarshen layi ake mantawa da mu.

Oga Fenti:
Ya zo ya gani, ban hana ba. Kuɗin wata-wata dai ban amince ba tukuna, sai na ji farashin abin nan mai tiyo da wanda zai saya, don in ni kaɗai ne ba zan iya ba. Sakatare, ka tambayi sauran masu fenti ko za mu haɗa mu sayi biyu mu riƙa karɓa-karɓa. Madara kuma zan ci gaba da saye, in na daina yaran cewa za su yi na yi rowa.